Motar da ta ci rabin zauren kakanmu

Shekarar da masara ta yi kyau a gonar Baffana ta hanyar Kafur, ni na jawo aka rushe rabin zauren gidanmu. Na daɗe ina cewa gaggawar magini ce. Ba ita ba ce.

Maƙwabcinmu, wani Alhaji mai sayen hatsi yana kaiwa Funtua, ya yi sabuwar mota. Kullum la'asar sai ya sa a wanke ta daidai inda Baffa ke shimfiɗa tabarma. Sai ka ga carbin Baffa yana ƙara sauri. Ni kuwa lokacin ba ni da sana'a sai latsa waya, kuma safe da yamma gorin da nake sha ke nan.

Rannan na ci karo da hoton wata mota doguwa, ruwan toka, ta kwanta ƙasa kamar kada. Ƙofofinta suna buɗewa irin na ƙyaure mai biyu, kujerun kamar na falon gwamna. Rubutun da ke ƙarƙashi ya faɗa ƙarara cewa guda ɗaya aka ƙera don nuni, a ga fasalin motocin da kamfanin zai yi nan gaba, ba ta sayarwa ba ce. Na karanta, na kuma gane. Sai na ɗora babban yatsa a kan rubutun, na miƙa wa Baffa wayar.

Ya daɗe yana kallo. Ya tambaya ko Alhaji ya san da ita, na ce ko labarinta bai ji ba. Ya tambayi tsawonta, na ce ta fi ta Alhaji da kamu uku. Na ƙara da cewa ta waya ake rubuta sunan masu saye, har na rubuta nasa. Ranar ragowar kwanonsa ni aka kawo wa, da tsoka biyu a ciki.

Abin da na manta, Baffa ba ya sayen bijimi sai ya kafa turke. Ran Asabar da hantsi na ji ƙarar diga. Na fito na tarar ya auna kamu da igiyar shanu, ya ga motar ba za ta shiga ba sai an taɓa zaure. Zauren nan kakanmu ya gina shi, a ciki aka raɗa wa dukanmu suna. Allah ya yafe mini, tsaye na yi ina tunanin tsokar nan har bangon gabas ya faɗi.

Sannan na tuɓe takalmi, na durƙusa, na ɗaga yatsan daga kan rubutun, na karanta masa.

Ya dubi bangon, ya dube ni.

"Ashe ita ma irinka ce," ya ce. "Ga kyan gani, ba ta zuwa gona."

Ya sallami magini, ya nuna mini ramin ƙasa. Sati uku ina kwaɓa da ƙafa. Alhaji in zai wuce sai ya sauke gilashi ya ce, "Sannu da aiki, direba. Ta taso?"

Zanen da kakanmu ya yi da yatsunsa a bangon ya tafi ke nan. Bangon da na gina ya karkace kamar ƙahon rago, Baffa kuma ya hana a gyara. Duk baƙon da ya tambayi dalili, sai ya sa a kira ni, ni zan yi bayani da bakina.