Mai Yasar Rijiya da Ya Ƙi Kama Igiya

A ƙauyenmu, can arewa da Belbeji, idan sanyi ya shigo, kakata Hajjo takan hura wutar kara bayan sallar isha'i, mu jikoki mu kewaye ta. Tsohuwa ce mai faɗa, amma da ta ce, “Ga ta nan, ku ba ni kunnenku,” sai ka ji gidan ya yi tsit. Har yau ina mamakin matar nan.

Akwai tatsuniyarta ta wani mai yasar rijiya da ba a taɓa yin irinsa ba. Yabo ya shiga kansa, ran nan ya sauka rijiya mai gaba sittin ba igiya a ƙugu. Santsi ya kwashe shi, ya karye a can ƙasa. Makiyaya suka zo shayarwa, suka ji nishi, suka leƙa suna tambayar ko da mutum a ciki. Ya yi gum, wai kada a ce gwani ya faɗi. Kashegari wuya ta yi wuya, ya yi kira. Suka ɗaura igiya a jikin takarkari, suka zura masa. Sai kuma ya ce su bar shi, bai kai a wahalar da dabba a kansa ba.

Nan Hajjo takan zabura, ta zama wata tsohuwa cikin makiyayan da ta leƙa rijiyar, murya na rawa: “Kai ɗan nan! Jiya ka fi ƙarfin igiya, yau kuma igiya ta fi ƙarfinka? Mutum kake, tashi ka kama! Ja namu ne, riƙo naka.”

Muna yara, dariya muke yi.

Na girma, ina dakon buhuna a Tanout, na faɗa shan tramol. Shekara uku ina cewa ni na fi ƙarfin ƙwaya. Da ta kayar da ni, yayata ta zo kai ni likita a Damagaram, na ce mata, “Yaya, ki bar ni, ni na riga na lalace.”

Bakina bai rufe ba na tuna da tatsuniyar Hajjo. Maganar mutumin rijiyar ce na yi, ba ragi. Hajjo ta daɗe a ƙasa, amma ashe ta hango ni tun ina gaban wutarta.

Na tashi na bi yayata. Ita da likitoci su suka ja ni, ban musa ba. Amma kullum safiya ni nake sake damƙe igiyar, domin na yarda na kai a fitar da ni.