Motar da Injinta Ke Bayan Direba

Ni ba mai fita ba ce. Tun da maigida ya ɗauko ni daga Kano zuwa Doha, iyakata ɗakinmu na unguwar Bin Mahmud da kantin da ke ƙasan bene. Amma a watan da 'yarmu ta kusa haihuwa a can gida Kano, ɗakin nan ya yi mini kaɗan. In ninke kayan jariri, in warware, in sake ninkewa. Haihuwar fari ce, wankan jego kuwa aikin uwa ne. Ban so wata ta riƙe mata ganyen wanka ina raye ba.

Mota ce ta tsare mu. Maigida bakanike ne a Sanaiya, unguwar gareji, kafil ɗinsa, wato ubangidan da ya ɗauke shi aiki, ya kawo wata tsohuwar motar Italiya, ja jawur, ya ce ba hutu sai ta tashi. Wani ƙarfe ake jira daga Italiya. Kullum na tambaya sai ya ce gobe, ni kuwa na san muryarsa, goben nan ba ta kusa. Maimakon maganar tikiti, sai ya kama ba ni tarihin motar. Wai ta girme mu. A zamaninta inji a gaba aka san shi, sai wasu samarin injiniyoyi suka kwaikwayi motocin tsere, suka mai da shi bayan kujerar direba don nauyi ya zauna a tsakiya. Masu kuɗi suka yi ta rububinta, duk da zafi da ƙarar da take zuba musu a ƙeya.

Ran nan zama ya gagare ni. Na tuƙa tuwo, na hau tasi zuwa garejin, in ga abin da ya hana ni tafiya. Ga motar nan, da ƙyar tsayinta ya kai ƙuguna. Na ga murfin baya a ɗage, na nufe shi da kula zan ajiye a but, sai ga inji tsirara. Ashe kunnena ya ji labarin, hannuna bai ji ba. Abokan aikinsa suka yi ta dariya.

Na leƙa ciki, kujera biyu kacal.

"Baban yara," na ce, "wannan ko ta tashi ba ta zuwa gidan suna. Ina za a sa goggo, ina za a sa garin kunu?"

Ya yi dariya, sannan ya kama shafa ƙofarta. A nan na gane, ko kafil ya sake shi, ba zai tafi bai ji kukan injin ba.

Na ce to ni zan yi gaba. Ni da ko Lusail da ke nan kusa ban taɓa zuwa ni kaɗai ba.

"Ke kaɗai, Hajiya?"

"Khalas, magana ta ƙare," na ce.

Na isa Kano kafin naƙuda. Wata safiya ina ɗora ruwan wanka ya bugo waya, ko sallama bai yi ba, sai gurnanin inji. Na saurara har na ƙoshi, sannan na ce ya kashe, jaririya na barci.