Gidan da Muka So Kamawa a Barnawa

Ni da ƙawata mun tashi a layi ɗaya a Kafanchan, kusa da tsofaffin gidajen ma'aikatan jirgin ƙasa. Babana malamin makaranta ne kuma dattijon ikilisiya, nata baban kuwa Musulmi ne, yana da shagon atamfa a kasuwa, wanda ya gada daga kakanta. Ranar Lahadi in mun taso daga sujada, gidansu nake fara biyawa in ci ƙosai kafin in isa namu. Ita kuma ba ta wuce gwaten accan mamata. Har muka yi karatu tare a kwalejin horar da malamai ta Gidan Waya, ba na tuna ranar da wani ya tambaye mu me ya haɗa mu.

Mun jima muna koyarwa a gida kafin aka yi mana canjin wurin aiki zuwa Kaduna, a shekara guda. A lokacin mijinta bai daɗe da rasuwa ba, ya bar ta da yarinya ƙarama wadda ba ta shiga firamare ba tukuna. Ni kuma ban yi aure ba. Ba mu ma zauna mun yi shawara ba, kowa ya san gida ɗaya za mu kama: ɗaki biyu da falo, ita da yarinya a ɗaya, ni a ɗaya. Maman ƙawata ta ce hankalinta ya kwanta tunda ina wurin. Mamata ma haka ta ce.

Ranar Asabar muke shiga mota da sassafe, mu bi ta Kachia da Kujama, mu yini muna zagaye da dillalin gidaje, wanda kowa ke kira ejan, sannan mu juyo. Da farko abin dariya yake ba mu. Akwai gidan da aka nuna mana banɗakinsa ba rufi, ejan yana cewa ai iska ce mai kyau. Akwai wanda rijiyarsa ke dab da masai. Ƙawata ta fi ni ido. Ita ce ke duba bango ta ga inda ruwa ya taɓa tsayawa, ta tambayi maƙwabta ko ana samun wuta, ta leƙa kwata. Ni dai abin da ya dame ni kada wurin ya yi nisa da titi. Haka muka yi ta zubar da gidaje: wannan ba ruwa, wancan bene ne yarinya za ta iya faɗowa, wancan kuma yana jikin gidan giya.

Sai daga baya muka gane ba mu kaɗai ke tacewa ba, mu ma tace mu ake yi. A Sabon Tasha wata mai gida ta karɓe mu da fara'a, ta nuna mana ko'ina, har ta ba yarinya lemo. Da za mu fita ta ja ni gefe, ta ce ni ba ta da matsala da ni, amma mai hijabin nan ba za ta iya ɗaukar nauyinta ba, in gari ya rikice ba ta san abin da za ta ce wa matasan unguwa ba. A Kawo kuma wani dattijo ya tambayi sunayenmu, da ya ji nawa sai ya ce a ba shi lokaci ya yi shawara. Ejan bai sake ambaton gidan ba.

Ejan ɗin mutumin kirki ne, ya gaji da wahalar da mu. Wata rana ya tsayar da mu a bakin titi ya faɗa mana gaskiya: kogin nan da ya ratsa gari ba ruwa kawai ya raba ba. Mutane sun daɗe da komawa kowa gefen nasa, Kiristoci kudu, Musulmi arewa. Unguwannin da suka rage a cakuɗe kaɗan ne, can ya kamata mu mai da hankali. Daga ranar muka daina zuwa ko'ina sai Barnawa da Kakuri.

A Barnawa muka samu. Gida ne a bayan wani babban gida, mai shi tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce da ta yi ritaya. Akwai burtsatse, akwai bishiyar gwaiba a tsakar gida, tagar falo tana kallon gabas. Matar ba ta tambaye mu komai ba sai ko muna da yawan baƙi. Yarinya ta shiga ɗaki ta fito, ta ce nan ne nata. Ƙawata ta tsaya a kicin tana nuna mini inda za mu ajiye risho da inda buhun masara zai zauna. Muka ce wa matar za mu dawo mako mai zuwa mu kammala magana.

Muna cikin keke napep za mu koma tasha, da yamma rana ba ta faɗi ba, sai muka ga mutane suna gudu. Masu shaguna suna jan ƙofofi, mata suna kwashe tumatir cikin zani, motoci suna juyawa a tsakiyar titi. Ba wanda ya san abin da ya faru. Wayata ta yi ƙara, babana ne, wai ya ji labari. Tata ma ta yi ƙara, yayanta ne. Mai keke ya ci birki, ya waiwayo.

"Wane gefe zan kai ku?"

Na ce Sabon Tasha. Ta ce Tudun Wada. A tare muka faɗa.

Muka kalli juna. Yarinya tana kan cinyata ta riƙe mini wuya. Ƙawata ta miƙo hannu ta ɗauke ta a hankali, ta ɗora a tata cinyar.

Ashe ba komai ba ne. Faɗa ne tsakanin direbobi biyu a wani wuri, labari ya yi ta girma a bakin mutane. Kafin mu kai tasha an fara buɗe shaguna. Amma daga Kaduna har Kafanchan ba mu yi wata magana mai tsawo ba. Ta sayi ayaba a hanya ta ba ni, na ci.

Cikin makon ta zo gidanmu. Ta gaida iyayena kamar kullum, sannan muka zauna a bayan gida inda mamata ke shanya citta. Ta ɗauki wani guntun citta tana juyawa a hannu.

"Ƙawata, na san in wani abu ya faru za ki tsaya a ƙofa saboda ni. Abin da nake tsoro ke nan. Ba na so a taɓa ki saboda ni, kuma ba ni da wata 'ya sai wannan."

Na ce mata ai Barnawa lafiya lau ne, matar ma ta ce ba a taɓa taɓa layinsu ba. Ta ce ta sani. Ta ce yayanta ya samo mata ciki da falo a gidan wani abokinsa a Unguwar Rimi. Na so in ƙara magana, sai na ga idonta ya cika, nawa ma haka. Muka zauna har mamata ta fito kwashe citta, ta same mu muna kuka, ba ta tambaye mu dalili ba, ta koma ciki.

Ni kaɗai gidan ya fi ƙarfina, don haka na kira matar na ba ta haƙuri. Ta ce ta so zamanmu. Na kama ɗaki a Narayi, kusa da cocinmu.

Ba mu yi faɗa ba, har yau muna waya. Da farko ina zuwa wurinta duk ƙarshen wata, ita ma ta zo sau da dama, amma kullum da la'asar sai ɗayanmu ta fara duba agogo. A hankali zuwan ya ragu. Yanzu mun fi haɗuwa a Kafanchan, wajen biki ko gaisuwar rasuwa.

Bara da mamanta ta rasu na je. Ina zaune cikin mata sai wata budurwa ta kawo mini ruwa, ta durƙusa ta gaishe ni da ladabi, irin gaisuwar da ake yi wa baƙuwa. Sai da ta miƙe na gane yarinyar ce. Ƙawata ta ce mata, "Ba ki gane antinki ba? Ita ta goya ki." Yarinyar ta yi murmushi ta ce in yi haƙuri. Na ce ba komai, na karɓi ruwan na sha.