Ranar da na goge makin Habu

Ba na jin zan taɓa mantawa da Larabar da sufeto ya zo mana daga Maradi. Lokacin riƙon ƙwarya ne, ana ta shirin zaɓe, ni kuma ina riƙe da ɗakin wasanni na gidan matasa a Gazawa. Ku da kuka shigo aikin daga baya, ku saurara.

Muna da tele da na'urar wasa guda, da tabarmar rawa ta roba mai kibiyoyi huɗu. Waƙa na tashi, kibiyoyi na hawa a tele, kai kuma ka taka wadda ta dace daidai da kiɗa. Ka dace, maki. Ka kuskure, na'ura ta yi maka ihu. Wani ƙaramin kati da ake saka wa na'urar ne ke ajiye sunayen gwanaye da makinsu, kuma sai maki ya kai ake buɗe sabuwar waƙa. Ranar da sabuwa ta buɗe, har samarin Gangara sai sun zo ji.

Gwaninmu Habu ne, ɗan kabu-kabu mai ɗaukar fasinja a babur, magidanci mai 'ya'ya biyu. Wata bakwai yana zuwa bayan la'asar, ya cire takalmi, ya yi ta taka har riga ta jiƙe. Shi ya buɗe waƙoƙin kusan duka, sunansa ne a sama. Da wannan makin aka zaɓe shi ya wakilce mu a karawar da za a yi da 'yan Cadawa ranar Asabar, a kan waƙar ƙarshe mai saurin tsiya.

Da safiyar Larabar daraktan gidan ya kira ni buro, wato ofishinsa. Ya ce, "Issufu, baƙo zai taka tabarmar nan. Ba ya yiwuwa sunan babba ya zauna ƙarƙashin na ɗan kabu-kabu. Share allon makin."

Na ce, "Ranka shi daɗe, in na share, waƙoƙin ma za su rufe. Wahalar wata bakwai ce."

Ya ce, "Kai ke ba da oda nan ko ni? Rawa ce fa, ba jarrabawa ba."

Raina ya ɓaci ƙwarai, amma na koma ɗakin wasanni. Na'urar sai da ta tambaye ni sau biyu ko na tabbata. Sau biyu na danna da yatsana.

Sufeto ya iso bayan azahar, dattijo mai fara'a. Darakta na rawar jiki yana nuna mashi tabarma. Mutumin ya yi dariya ya ce, "Ni da wannan gwiwa? Haba! Labarin gwaninku na ji tun daga garin Agye, an ce ba a taɓa kamo makinsa ba. Shi na zo gani. Ina allon?"

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Allo fari fat. Darakta kuwa, ko kunya, ya juyo ya ce, "Issufu, me ya sami na'urar?" Ni! Ni yake tambaya!

Aka aika tasha aka kira Habu. Ya shigo da murnarsa, ya cire takalmi, ya nemi waƙarsa. Babu. Sai waƙoƙin 'yan koyo guda uku. Ya dubi tele ya daɗe, sannan ya dube ni.

Ya ce, "Malam Issufu, lalacewa ta yi?"

Darakta na yi mani ido. Na ce, "Ba ta lalace ba, Habu. Ni na goge."

Bai zage ni ba, da ya zage ni ma da na fi samun sauƙi. Ya sa takalminsa ya ce wa sufeto, "Ranka shi daɗe, a yi haƙuri, fasinja na jira." Ranar Asabar 'yan Cadawa suka zo da nasu katin, Habu bai zo ba, ba mu da mai tsayawa a waƙar, suka cinye mu suna yi mana waƙar tsiya har bakin mota. Habu bai sake taka ƙofarmu ba.

Na daɗe ina tsine wa darakta, kuma har yau ban yafe mashi ba. Amma abin da aikin nan ya koya mani shi ne, mu ƙananan ma'aikata mun fi su manyan kansu tsoron girmansu. Dattijon nan bai roƙi kowa ya ɗora shi a sama ba. In shugaba ya ce ku share wahalar wani don a faranta wa baƙo, ku miƙa mashi abin dannawa ya danna da kansa. Ni ban miƙa ba, shi ya sa Habu ni ya duba, bai dubi darakta ba.