Hannun Malam

Ni mutum ne da ba ya iya jin magana har ƙarshenta. Tun ina ƙarami a Kalgo uwata ke cewa ko ladan ya tsaya numfashi ni zan ƙarasa masa kiran salla don a yi a gama. Wataƙila shi ya sa na kama sana'ar da ake yi a sama, inda ba mai tsare ka da zance. Askin itatuwa nake yi. Darbejiya ta hau kan kwano, a kira ni. Gara ta cinye cikin icce, a kira ni. Ina da zarto da adda da igiya biyu, da wani ƙaramin inji mai taurin kai wanda sai na zage shi yake tashi.

Masu ba da aiki kuwa, sai dai Allah ya ba mu haƙuri. Wani zai ce ka rage kaɗan, ka sauko ya ce ai ba ka yi komai ba. Wani zai ce ka aske duka, ka aske, ya tsaya yana tambayarka ina inuwarsa, kamar a aljihu ka sa ta. Don haka na koyi cewa "to, to, na gane" tun mutum bai rufe baki ba.

Wata shekara, bayan mangwaro ya ƙare, hadari ya fara haɗowa, wani ma'aikaci ya gan ni ina aiki a Birnin Kebbi. Ya ce mahaifiyarsa tana Gwandu, akwai iccen mangwaro a gidan da kauci ke neman kashewa. Kauci dai tsiro ne da tsuntsu ke kawowa a baki ya goga a reshe. Ya kafa saiwa cikin iccen, ya yi kore shar, shi kuma mai masaukin ya yi ta bushewa. Ba a tsinke shi, dawowa yake yi. Sai an yanke reshen ƙasa da kumburin da ya yi, kamar kamu ɗaya.

Na isa Gwandu da hantsi a kan babur, raina rabi yana Wurogauri inda na yi wa wani alkawarin la'asar. Gidan tsohon gidan malamai ne, mai zaure biyu. Iccen na tsakar gida, kauri ya fi rungumar mutum, kauci ya yi masa rawani ta ko'ina. Tsohuwar ta fito da mayafi, za ta garin Dodoru yin barka, mai mota na ta yi mata oda a waje.

Na durƙusa na ce, "Ina kwana, Inna."

Ta ce, "Lafiya lau, ɗana. Ga iccen nan. Ka aske shi yadda sana'arka ta nuna maka. Abu guda dai, kar ka taɓa hannun Malam, don shi marigayi..."

"To, to, Inna, na gane."

Na ma riga na gani, a zatona. A jikin kututturen, daidai tsayin kai, an kafe wani ɗan allo da ƙusa, rubutun ajami a kansa ya dushe. A gidan malamai in aka ce hannun wane, ai rubutunsa ake nufi. Na ce a raina wannan ne, addu'ar da marigayi mijinta ya rubuta wa iccensa. Ta dube ni kamar za ta ƙara magana, mai mota ya sake danna oda, ta fita. Ni kuwa don tsabar ladabi har rigata na tuɓe na naɗe allon, kada garin katako ya taɓa shi.

Na hau. Wanda bai taɓa hawa mangwaro mai kauci ba bai san cinnaka ba, sun shiga mini wando har ina rawa a kan reshe. Na bi rassan ciki ɗaya bayan ɗaya, na cire matattu, na buɗe tsakiya don iska da rana su shiga, ina shafa baƙin mai a bakin kowane yanka saboda gara. Aiki ya yi kyau, ba yabon kai ba.

Saura reshe ɗaya. Wani dogo ne mai kauri, ya fita daga kututture ya kwanta, ya tsallake katanga ya miƙe kan hanya. Tun daga ƙasa na lura fitarsa ba irin ta icce ba ce, kamar an lanƙwasa shi. Kauci ya fi yawa a kansa, wuri bakwai ko takwas. Ina dubansa sai mai shagon da ke fuskantar gidan ya ɗago kai ya ce, "Malam mai aski, don Allah raba mu da wanga reshe. Motar kaya ba ta wucewa, yara kullum jifa, har kwanon shagona sun huda."

Gaskiyar da ban cika faɗa ba ita ce, da na bi shi da zarto gaɓa gaɓa, da an tsira da fiye da rabinsa. Amma wannan aikin awa biyu ne, rana ta karkata, Wurogauri na jirana. Na ɗaure shi da igiya, na ta da inji, na yanke shi tun daga gindinsa. Ko minti goma bai kai ba. Mai shago har ruwan sanyi ya miƙo mini.

Ina ɗaure kaya a babur motar Dodoru ta sauke Inna. Ba ta shiga gida ba. Ta tsaya a tsakiyar hanya ta ɗaga kai, ta daɗe a haka.

Ta ce, "Ina hannun Malam?"

Na ce, "Yana nan lafiya lau, Inna, har rigata na rufa masa."

Ta ce, "Wace riga?"

Na ja ta ciki na nuna mata allon, ina jiran sa albarka. Ta dubi allon, ta dubi farin bakin yankan da ke kallon katanga, sai ta nemi turmi ta zauna. Ta ce allon na wani jikanta ne, shi ya kafe shi da wasa.

Ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ta ce lokacin da iccen yake ƙarami, marigayi ya zaɓi reshe ɗaya ya ɗaura masa dutse, shekara da shekaru yana jan sa har ya tsallake katanga. Ya ce na ciki na gida ne, na waje na mai wucewa. Tun daga ranar ba ɗan gidan da ya taɓa cin ƙwaya ɗaya daga reshen, ko ta faɗo ciki sai a mayar da ita waje. Shi ya sa suke ce masa hannun Malam. Ta ce da ciwon ajali ya kama shi ya gaya mata bai gina masallaci ba, bai haƙa rijiya ba, abin da ya tura gaba ke nan, a kula masa da shi.

Ta ce, "Yanzu mi za ya riƙa isa gare shi?"

Wallahi na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ban je Wurogauri ba ranar.

Tun daga nan zama ya gagare ni. Ina kan iccen wani a Kalgo, hankalina na Gwandu. Da ruwa ya sauka kututturen ya yi toho a gefen yankan, na je na zaɓi mafi ƙarfi na cire sauran. Bayan wata biyu na koma na ɗaura masa igiya na ja shi wajen katanga. Na koma don akuya, na koma don iska, na koma ba don komai ba. Matata ta ce ko dai aure nake nema a Gwandu, in faɗa mata ta fara shiri. Mai shago kuwa in ya hango ni sai ya shige ciki.

Da bazara ta zagayo iccen ya yi 'ya'ya irin da bai yi ba cikin shekara goma. Ɗanta har waya ya yi mini yana godiya. Tohon nawa kuwa bai fi tsawon sanda ba, ko kan katangar bai kai ba.

Wata ranar Laraba na zo gyara igiyar. Ina kashe babur sai ga mangwaro ya faɗo tsakiyar hanya, tim, ya gangara. Na ɗaga kai, ba reshe. Wata mai tallan nono ta duƙa ta ɗauka ta wuce abinta. Sai na ji wani tim ɗin, amma daga ciki, ya bugi katanga ya koma.

Na yi sallama na shiga. Inna ce tsaye da kwarya cike a gabanta, tana jefawa ɗaya ɗaya. A gindin katangar akwai wajen guda goma da suka fashe, waɗanda ba su tsallake ba.

Na ce, "Haba Inna! Kawo in fitar da kwaryar ƙofar gida, kowa ya zo a miƙa masa."

Ta ce, "A'a. In an miƙa, ni za a yi ma godiya, kuma mai jin kunya ba ya zuwa. Na Malam tsintuwa akai, ba wanda ya taɓa cewa kowa an gode."

Ta dafa kafaɗarta tana murzawa, ta dubi tohon da igiyata ke ja. Ta ce, "Ɗana, shekara nawa kafin ya ƙetare ya yi ɗiya?"

Na ce uku, in Allah ya so. Biyar ne, kuma ina jin ta sani.

Ta ce, "To." Ta duƙa da ƙyar ta ɗauki wani, ta ja baya taki biyu ta jefa. Ya bugi katanga ya dawo gabanta.