Ƙusoshin da Aka Dawo da Su a Gwangwani

Duk shekarun da na yi ina kafa wa magina gado, akwai safiya guda da ta ƙi fita daga kaina, safiyar da maigadi ya miƙo mini gwangwanin madara yana murmushi. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan kuna yi mini dariya don ina yaɓa wa sabon katako siminti kafin a hau shi, har ina jin kuna cewa tsufa ne ya fara taɓa Garba. To ku zauna ku ji inda tsufan ya samo asali.

A Gummi ne, bayan an kwashe amfanin gona, muna gina wa wani Alhaji bene mai shaguna a ƙasa. Ni ne kafintan wurin. Ga wanda bai san aikin ba, gado shi ne abin da muke kafawa jikin bango don magini ya samu wurin tsayawa in gini ya yi sama. A kafa turaku a ƙasa, a gitta musu sanduna, a shimfiɗa katako a kai. Kuma ba ajiye katakon kawai ake yi ba. Sai an buga masa ƙusa an ɗaure da waya, domin bakinsa yakan zarce sandar da ya hau. In ba a kama shi ba, ka taka wannan bakin, wancan ya tashi sama, kai kuma ka yi ƙasa. Dokata a wurin ba ta da yawa: ba mai cire katako sai ni, ba kuma mai hawa da safe sai na riga shi na tattaka ko'ina.

Helman wurin, wato shugaban ma'aikata, Lawali ne. Mutumin kirki wallahi, irin kirkin da in ka roƙe shi rigarsa zai tambaye ka ko kana son hular. Shi ke riƙe da makullin sito, inda aka ajiye bel ɗin tsaro da Alhaji ya sayo, irin wanda ake ɗaurawa a jiki a maƙala a ƙarfe, don in ƙafa ta goce mutum ya rataye maimakon ya faɗo. Suna nan cikin ledarsu, fes. Ranar da injiniya zai zo ake fito da su, kowa ya ɗaura a ɗauki hoto, yana juya baya a mayar. Na taɓa cewa a bar wa masu aiki a sama, Lawali ya ce, "Haba Garba, so kake su ɓaci?" Gaskiyarsa. Ƙashin mutum ai yana ɗoruwa, bel kuwa in ya yi datti shi ke nan.

Wanda ke yi mana filasta a hawa na sama shi ne Altine, mutumin Adabka. Ban ga mai hannu kamarsa ba, bango in ya shafe shi sai ka ji kamar ka jingina kumatu. Yana da mata da 'ya'ya da Innarsa tsohuwa a gida, duk ƙafafun nan biyu da cokalin gini ke ciyar da su. Shi kaɗai ne ba ya gardama da dokata. Kullum yana zaune kan bulo yana shan kunu har sai na sauko na ce bismilla.

Ranar wata Juma'a na tafi Bukkuyum sunan ɗan ƙanwata, da niyyar in dawo Litinin da sassafe. A yammacin nan Allah ya yi wa Innar mai unguwa rasuwa. Mutane suka cika unguwa, wurin zama ya yi kaɗan, sai aka tuna da katakonmu. Kun san mu da aro. Tukunya aro, tabarma aro, to me zai hana a ari ƙasan ƙafar magini? Aka zo wurin Lawali. Shi kuma ta ina zai fara cewa a'a, gawa ko sanyi ba ta yi ba?

Akwai tsofaffin katakai jibge a ƙasa, amma duk sun sha siminti. Manyan mutane za su zo ta'aziyya daga Anka da Bukkuyum, a zaunar da babbar riga a kan wannan ƙazanta? Ina! Sai suka ɗaga kai suka hango na can sama, sababbi ƙal, ko tabo babu. Suka hau da guduma suka zare ƙusoshi, suka kwance waya, suka sauko da su. An yi zaman makoki cikin mutunci, ba rigar da ta ɓaci.

Da mutanen nan marasa tarbiyya ne, da yau ban da labarin ba ku. Marar tarbiyya in ya gama da kayanka a bakin ƙofa yake watsar maka ya wuce, kowa ya gani ya san gado ba katako. Amma waɗannan 'ya'yan mutunci ne. Bayan sadakar uku suka goge katakan, suka hau da kansu suka jera kowanne daidai inda suka ɗauko shi, tsaf, kamar hannu bai taɓa ba. Ƙusoshin kuwa, da yake amana ce, suka zauna suka miƙe waɗanda suka lanƙwashe, suka zuba a gwangwanin madara, suka ba maigadi ya ajiye wa kafinta.

Ni kuma Litinin ɗin tayar mashin ta yi faci a hanya, na iso rana ta ɗaga. Ina shigowa maigadi ya tare ni da fara'a.

"Malam Garba, ga saƙonka. Mutanen mai unguwa sun ce a yi maka godiya, ko ɗaya ba ta ɓace ba."

Na girgiza gwangwanin, na leƙa. Ƙusoshina ne, na san su. Na ce, "Daga ina aka ciro waɗannan?"

Ya nuna sama da baki.

Na ɗaga kai. Ga Altine can a hawa na sama, yana shafa bango yana matsawa gefe a hankali, wajen kusurwa, inda bakin katako ya zarce. Ashe ya jira ni har kunu ya ƙare, sai Lawali ya ce masa, "Hau abinka, gado yana nan yadda Garba ya bar shi, dube shi mana." Ya duba, ya ga kuwa haka ne.

Na ƙwala ihu, "Altine! Tsaya nan inda kake!"

Ƙafarsa ta riga muryata. Katakon ya ɗaga wancan bakin, ya juye da shi. Ban ji ihunsa ba, ƙarar kwanon kwaɓi kawai na ji yana dukan sanduna yana saukowa. Rabin jikinsa ya faɗa kan yashi, ƙugunsa ya sami bulo. Da na isa kansa idonsa biyu, cokalin yana hannunsa bai saki ba. Abin da ya fara ce mini shi ne, "Garba, mi ya hwaru? Ba kai ka buga shi ba?" Ni kuwa ga gwangwani a hannuna. Na yi kuka a gaban leburori ranar, ban kuma ji kunya ba.

Muka kai shi asibiti, aka ce ƙashin ƙugu ne ya karye. Mutanen unguwa suka yi ta zuwa dubiya, da fura da lemo, don kirkinsu bai ƙare ba. Mai unguwa da kansa ya zo ya dafa kafaɗata ya ce, "Malam Garba, ƙaddara ce, sai haƙuri."

Na ce, "Ranka ya daɗe, na yi imani da ƙaddara. Amma guduma aka hau da ita."

Lawali ya ja ni gefe yana cewa in ji tsoron Allah, mutumin nan makoki yake yi. Washegari ya buɗe sito ya raba bel ga kowa. Sun yi kyau ƙwarai, ko ƙura ba su taɓa gani ba.

Da sadakar arba'in ta zo suka dawo aro, ko a jikinsu. Na nuna musu gadon. Tun bayan faɗuwar Altine na bi kowane katako na yaɓe shi da siminti da yashi, ya bushe ya yi kaushi, ƙafa ma ta fi kama shi. Suka dudduba, suka ce bari su gwada makarantar firamare ko za a samu benci. Har yau a unguwar nan sunana marowaci, ina kuma amsawa.

Abin da na koya ke nan, ku ma ku riƙe. A aikin sama ba mugu nake tsoro ba, mugu ana ganin aikinsa. Mai kirkin da bai san abin da ya taɓa ba, shi nake tsoro. Kada ku yarda da gado don ya yi kyau a ido, ko jiya da yamma kuka sauko daga kansa. Ku hau ku taɓa kan kowace ƙusa, ku ja waya, ku ɗaura bel ya yi datti. Wanda ya zo aro kuma, ko wa ya mutu, ku yi masa ta'aziyya ku hana shi.

Altine ya tashi, amma da sanda, ko tsani bai sake hawa ba. Yanzu yana sayar da goro a bakin tasha a Adabka. Katakon da ya juye da shi na yanka na yi masa benci, da ƙusoshin gwangwanin nan na haɗa shi, na buga su duka. Da na kai masa ziyara bara yake gaya mini wai bencin ma an zo aronsa ranar wani suna. Na ce to me ka ce musu? Ya ce sandarsa kawai ya nuna musu, ya gyara zama.