Shekarar da Kakata Ta Koya Mini Kalmar Rawa

Jiya ina haɗa shayi na ɗora finjani a kan faranti, sai ya ɗan kaɗa, kar-kar-kar, kafin ya zauna. Na daɗe tsaye da buta a hannu. Irin wannan ƙarar ce ta cika gidanmu na unguwar Al-Naseem a shekarar da aka kawo kakata Riyadh neman magani, ina 'yar shekara tara.

A Riyadh aka haife ni. Babana yana aiki a wani kamfani a Birnin Masana'antu na Biyu, ya fita da sassafe, sai bayan la'asar mu gan shi. A makaranta Larabci muke yi, a kanti Larabci, har faɗa da ƙannena da Larabci ne. Hausa kam ina ji, amma in na buɗe baki sai ta fito a karkace, mace ta koma namiji. Kowace kalma kuma ma'ana ɗaya na san ta da ita. Rawa a wurina ita ce abin da Larabawa suke kira raƙs, wato abin da mata suke yi ranar biki bayan an rufe ƙofa an cire abaya.

Kaka, mahaifiyar babana, ta iso ne a ƙarshen zafi, lokacin da ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa da rana. Doguwa ce, ba ta da yawan magana, kayanta duk ƙamshin kanumfari suke yi. Hannunta na dama ba ya tsayawa wuri ɗaya. Na ji ummata tana gaya wa wata a waya cewa hannun Hajiya ne yake rawa, shi ya sa aka kawo ta. Maganar ta ba ni dariya, na adana ta a raina.

Bayan 'yan kwanaki matan unguwa 'yan ƙasarmu suka zo yi mata sannu da zuwa. Aka kawo gahawa da dabino. Kaka ta ce ita za ta zuba, don a gidanta ba a taɓa zuwa gaishe ta wani ya zuba wa baƙinta ba. Umma ta so ta karɓa, kallo ɗaya Kaka ta yi mata ta janye. Finjani na farko ya isa lafiya. Na biyu ya yi ta kaɗawa har gahawar ta zube a kan darduma da gefen rigar wata baƙuwa. Ni kuwa da ma ina neman inda zan nuna na iya Hausa, sai na ɗaga murya na ce, "A sa wa Kaka kiɗa, hannunta yana rawa."

Wata ta fara dariya ta haɗiye. Sauran suka sunkuyar da kai. Kaka ta ajiye butar a hankali, ta sa hannun cikin mayafi, ta ci gaba da amsa gaisuwa kamar ba ta ji ba.

Daga ranar ta daina cin abinci tare da mu. Ba ta yarda ta ci da hagu ba, dama kuma tana zubarwa, don haka sai ta rufe ɗaki ta ci ita kaɗai. Ta kuma ce wa babana ya mayar da ita gida, alhali sau ɗaya likita ya gan ta, akwai sauran gwaje-gwaje. Ya roƙe ta, ta ce ta gama magana. Umma ba ta doke ni ba. Cewa ta yi kawai in je in ba kakata haƙuri, kuma da Hausa. Sau uku ina zuwa bakin ƙofar ina juyowa.

A na huɗu an aike ni da kunu, dole na shiga. Na shirya kalmomin haƙurin, amma da na gan ta zaune hannun yana ta motsi a kan cinyarta, tambaya ce ta fito. Na ce me ya sa ake cewa yana rawa, alhali ba murna take yi ba.

Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce in zauna. "Wa ya gaya miki sai da murna ake rawa, 'yar nan?"

Ta ce wanda sanyi ya kama rawar ɗari yake yi. Haƙorin da zai faɗi rawa yake yi, haka ɗan akuyar da aka haifa yanzu in yana neman miƙewa. Ta ba ni labarin gonar mahaifinta da damina, yadda ganyen dawa yake rawa tun daga bakin hanya har gindin tsauni in iska ta taso gabanin ruwa. Ta ce ita ba ta yi karatu ba, amma a ganinta waɗannan su ne masu sunan tun asali. Mutane daga baya suka gani, suka kwaikwaya, suka haɗa da ganga. "Mai rawar biki shi yake sa jikinsa," in ji ta. "Ni ba a tambaye ni ba."

Washegari a makaranta na tambayi malamarmu ta Larabci ko raƙs ma haka take. Ta ce Larabawan zamanin da sukan ce raƙumi yana raƙs in yana sassarfa, har kawalwalniyar da ake hangowa a sahara suna cewa raƙs take yi. Na dawo gida da gudu na kai wa Kaka labarin, rabi Hausa rabi Larabci, ina kwatanta tafiyar raƙumi da kafaɗuna. Na ga ta danne murmushi.

Ranar Juma'a bayan masallaci babana ya lallashe ta muka fita wajen Dir'iyya, can bayan gari. A hanya, can gaba a kan kwalta, ga wani abu kamar ruwa yana ƙyalli yana kaɗawa. Kaka ta nuna shi da hannun nan nata, a fili, ba cikin mayafi ba, ta ce, "Ga ta Larabawan can." A inuwar dabino a gefen wani kwari muka shimfiɗa tabarma. Da aka zuba shinkafa ta ce in matso in riƙe mata kwano kusa da haɓarta. Ta ci da damanta a gabanmu, wasu ƙwayoyi suna faɗowa a kan hannuna. Maganar komawa gida ba ta sake tasowa ba sai da likita ya gama. Ya ce ciwon ba ya warkewa, amma magani zai rage shi, kuma ya rage.

Ta koma gida da sanyi ya shigo. Bayan shekara biyu ta rasu. Da aka miƙo mini waya in yi wa goggona gaisuwa, ta ce, "Yi shiru haka nan, muryarki rawa take yi." Ranar ce ta farko da na ji maganar Hausa ta shige ni kai tsaye, ban juya ta zuwa Larabci ba.

Yanzu na girma, na tambayi waɗanda suka yi karatun harshe, ba wanda ya iya gaya mini tabbacin wace ma'ana ce ta riga wata. Wajen Dir'iyya ya cika da gine-gine, ban iya gane inda muka zauna ba. Ƙannena kuwa kalma biyu suke da ita, duka na Larabci, ɗaya ta biki ɗaya ta ciwo, ba sa taɓa haɗa su, don haka ba za su yi irin kuskurena ba. Wani lokaci nakan ce sun huta. Amma ba wanda zai ce musu su zauna ya ba su labarin gonar dawa.